Jitar Baba Job

Tsirkiya ta biyu ta tsinke ne a kan jitar Caroline, ta yi tsalle ta tsaga wa David bayan hannu. Ya yarfe hannun yana tsaki, jama'ar da ke ƙarƙashin mangwaro suka kwashe da dariya. Rebeka ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Saura huɗu ke nan cikin shida, kuma ba a zo kan jitar babanta ba tukuna.

Ita ta haɗa wannan gasa, da ƙarfin hali kuwa, don albashin ma'aikaciyar sakatariya ba ya ɗaukar almubazzaranci. Doka ɗaya ce: kowa ya ƙera jita da abin da ya tsinta, kada a sayi komai sai gam da ƙusa. Kyautar wanda ya ci jan zakara ne daga bayan gidanta, ga shi nan ɗaure a ƙafar benci yana hararar kowa. Tsirkiya kuwa saiti ɗaya tak ta iya saya a Kasuwar Jalingo. Sai a ɗaura wa jita ɗaya, David mai kiɗan cocinsu ya kaɗa, a kwance a ɗaura wa ta gaba. Ranar da ta faɗi wannan dabara kowa ya yaba mata, ba wanda ya tuna cewa ƙarfe ma yana gajiya da murɗa.

Mutanen unguwar Mayo Gwoi, inda ake gasar, sun ɗauka nishaɗin ranar Asabar ne kawai. Rebeka ta san abin da ta taka. Babanta, Baba Job, kafinta ne da a da sai ka yi layi kafin ya yi maka ƙofa. Bara shanyewar ɓarin jiki ta kama shi, hannun hagu ya dawo amma da rawa. Tun daga nan ya rufe shago, ya zauna a gidanta a unguwar Nukkai yana kallon bango. Ba ya karɓar taimako: in ka ɓalla masa maɓalli, cire rigar zai yi gaba ɗaya. Kwanan nan kuma ya fara zancen sayar da kayan aikinsa ya koma ƙauye, kuma ta san tsoho irinsa in ya koma ƙauye ba zarto ba guduma, jiran ranarsa kawai ya je yi.

Roƙo ba ya cin Baba, sai dai tsokana. Don haka ta sa Manga mai walda, ɗan tsohon amininsa, ya zo gaisuwa ya faɗi a kunnensa cewa zamanin katako ya wuce, jitar ƙarfe ce za ta cinye gasar. Washegari da sassafe ƙarar zarto ce ta tashe ta.

Yau da aka taru, ta so a fara da jitar Baba tun tsirkiya na sabuwa, amma Hayatu mai gyaran keke ya ce faufau.

"Haba Madam, Baba ya fara kamar yaro? Babba shi ke rufe taro."

Kowa ya ce gaskiya ne, Baba ma ya gyara zama da jin daɗi. Haka girmamawa ta jefa shi ƙarshen layi.

Manga ya fara. Tankin tsohon janareta ya fafe, ya haɗa masa wuya da falankin gado. Abin ba kyan gani, amma da David ya taɓa shi sai sauti ya fito tas, mai ƙarfi, har masu keke suka tsaya a bakin titi. Ta Hayatu babbar ƙwarya ce, ita ta ci tsirkiyar farko. Ta Caroline mai ɗinkin kujeru aljihun tsohon kabad ne, ita ta ci ta biyu. Yanzu Caroline sai ba da haƙuri take yi kamar ta fasa tulun wani.

Baba Job ya kwance zanin da ya naɗe tasa da hannu ɗaya, a hankali, kamar ba shi ake jira ba. Tsohuwar ƙofar maɗaci ya yanka ya lanƙwasa, ya goge ta har ganyen mangwaro na nunawa a jikinta. Ba ka ganin inda katako ya haɗu da ɗan'uwansa. Rebeka ta ji ƙirjinta ya cika, ta so ta tashi ta gaya wa duk wanda ke wurin cewa wannan fa ubanta ne, alhali kowa ya sani.

David ya ɗaura huɗun da suka rage, ya murɗa su da tsoro, ya fara kaɗawa. Muryar jitar ta fito da zurfi da daɗi, irin wanda ke sa mutum ya daina taunar gyaɗa. Mata biyu suka fara bin waƙar ƙasa-ƙasa. Sai yatsun David suka gangara tsakiyar wuyan, inda Baba ya jera 'yan ƙarafan tsohuwar lema don raba sauti, nan take wani zuuu ya shiga kiɗan kamar ƙuda a cikin kwalba. Jera ƙarafan nan aiki ne da ba ya son hannu mai rawa, wasu sun ɗara wasu tsayi. David ya yi maza ya koma sama, ya ƙarasa waƙar a inda ba matsala.

Kowa ya ji, kowa kuma ya yi kamar bai ji ba. Tafi ya ɓarke fiye da wanda aka yi wa kowa.

Manga ya miƙe yana share hannu a wando. "Jama'a, ni na janye. Baba ne ya ci. Tanki zai yi gasa da wannan? Ai shi ne babanmu."

"A ba Baba zakara!" in ji wani daga baya.

Rebeka ta dubi David, tun da su biyu aka ce za su yanke hukunci. Ya sunkuya yana duba ciwon hannunsa. "Ni dai kiɗa aka ce in yi, Anti."

Hayatu har ya durƙusa yana kwance igiyar zakaran. Rebeka ta juya ga babanta. Ta zaci za ta ga murna, ai saboda wannan ta sha wahalar. Amma Baba ƙasa yake kallo, ya tura hannun hagu cikin aljihun riga. Ta san wannan fuskar. Ita yake yi duk ranar da 'yan coci suka zo dubiya suna ce masa ya warke sarai. Shi ya fara jin zuuu ɗin nan kafin kowa, kuma ya gane tafin me aka yi masa. In ya karɓi zakaran nan, zai yi godiya kamar mutumin kirki, ya koma gida ya haɗa jakarsa. In kuma ta hana, ta kunyata mahaifinta a bainar jama'a, gobe a coci ba za a rasa abin faɗa ba.

Tsoro ya kama ta ƙwarai, amma ta tashi.

"Malam Hayatu, dakata." Ta juya ga jama'a. "Manga ne ya ci."

"Haba Anti Rebeka!" Caroline ta dafe ƙirji. "Babanki ne fa! Kuma waya huɗu kawai aka ba shi."

"Ba ƙarancin tsirkiya ya kawo ƙarar nan ba. Ta Baba ta fi kyau, ta fi murya, amma ba ta kaɗuwa har ƙasa. Ta Manga tana kaɗuwa. Jita muka ce a yi."

Ba wanda ya tafa. Wata tsohuwa ta ce 'ya'yan zamani sai addu'a. Manga ya tsaya kamar wanda aka kama da kayan sata.

Baba Job ya dogara sandarsa ya miƙe. Bai dubi 'yarsa ba. Ya taka har inda jitar Manga take jingine, ya ƙwanƙwasa ta da ɗan yatsa, ya karkata kai yana saurare, ya bi wuyan da ido ɗaya.

"Tankin janareta," ya ce. "Ni Job, tanki ya ka da ni." Ya juya ga Manga. "Kai, ɗauki kazanka. Ka ci. Wuya ya miƙe, ban ga laifi ba. Amma gogewan nan naka, ko akuya ba zai yarda ya kwana kusa da shi ba."

Dariya ta kuɓuce wa Hayatu, sauran suka bi. Manga ya karɓi zakaran yana cewa, "Na gode, Baba," kamar Baban ne ya ba shi.

"Bar godiya. Akwai filaya a shagonka? Kawo."

Aka kawo. Baba ya koma kan benci, ya kwantar da jitarsa a cinya, ya sa David ya kwance tsirkiyoyin. Ya kama ƙarfen da ya fi tashi da bakin filaya ya ja. Hannun hagu ya kasa danne wuyan, jitar ta zame za ta faɗi. Manga ya yunƙuro, Baba ya watsa masa harara, ya koma da baya.

Sai a lokacin ya ɗago ya dubi Rebeka, ya daɗe yana dubanta. Ita kuwa ta tsaya tana jiran abin da zai fito, ko faɗa ko abin da ya fi faɗa.

"Ke, alƙaliya," ya ce. "Tun da kunnenki ya fi na kowa a Jalingo, zo ki riƙe min nan."

Ta durƙusa a ƙasa da atamfarta ta fita, ta kama wuyan jitar. Idonta ya cika, ba ta da hannun sharewa.

"Danne da kyau," in ji Baba, yana gyara riƙon filaya. "Duka za mu cire, mu sake."