Hoton Auta a Ƙofar Shago

Ƙanwata tana da shagon man shafawa a bakin titi, irin wanda ake haɗawa a roba a ce zai mai da mace fara. Ita ma shi take shafawa. Fuska jawur, gaɓoɓin yatsu baƙi ƙirin, rana kuwa ta zame mata abokiyar gaba: da ta taɓa ta sai kumatu su hau raɗaɗi.

Wata safiya 'yata Auta ta faɗo gida ko sallama babu.

"Baba, zo ka ga abin da Gwaggo ta yi mini."

Na bi ta. A saman ƙofar shagon an rataya ƙaton ƙyalle mai hotuna biyu. Na hagu Auta ce, baƙa sumul yadda uwarta ta haife ta, an rubuta KAFIN. Na dama ma ita ce, amma mai buga hoto ya wanke ta da kwamfuta ta yi fari fat, an rubuta BAYAN.

"Gwaggo, ki sauke mini fuskata," in ji Auta.

"Ke da na yi wa gata? Ko a hoto ai kin ga yadda za ki yi kyau. Yaya, yi mata magana mana."

Na daɗe ina tuƙa babbar mota, na san lokacin da ake kauce wa hanya. Na ce, "Ni rakiya na yi."

Auta ta ari kujerar wani mai gyaran takalmi da ke gefen shagon, ta dasa ta ƙarƙashin ƙyallen, cikin rana tsaka, ta zauna. Duk wadda ta zo sayen mai sai ta dubi sama, ta dubi ƙasa.

"Baiwar Allah, ba ke ce wannan ba?"

"Ni ce."

"To, ya aka yi kika koma baƙa?"

"Ban je ko'ina ba balle in koma. Shiga ki ce mai shagon ta nuna miki hannunta."

Su shiga, su fito hannu wofi. Ƙanwata ta tsaya daga inuwar ƙofa tana zuba zagi: "'Yar baƙin ciki! Gindin tukunya!"

"Fito nan ki faɗa, Gwaggo, ga wuri kusa da ni."

Ina! Ba ta iya fitowa.

Da rana ta yi sanyi, ƙanwata ta ce da ni ƙasa-ƙasa, "Yaya, a sauke."

Auta ce ta hau tsani da kanta. Ta karɓi wuƙar mai takalmi, ta raba ƙyallen biyu, ta miƙa wa gwaggonta farar.

"Ga taki, ban san ta ba."

Baƙar tana rataye a ɗakina yanzu. Rubutun ƙasan kawai muka yanke.