Mariƙin Filas

A ɗagawa ta ɗari biyu da goma sha ɗaya mariƙin ya rabu da jikin filas ɗin. Ko ƙara bai yi ba. Na dai ji hannuna ya yi sakayau, sai ga filas a ƙasa yana birgima, murfin ya yi gefe, tafasasshen ruwa na bin layin tayil yana tururi har ƙarƙashin tebur. Ba don dogon takalmin roba da na saka ba, da a asibiti zan ƙarasa yinin.

Shi ne na huɗu cikin shida da na gwada a satin. Dattijuwar da ke share mana ɗakin gwaji ta leƙo da tsummanta, ta dubi ƙasa, ta tambaye ni ko yau ma na kashe wani. Na ce mata shi ya kashe kansa. Ta ce to Allah ya ji ƙansa, in ɗaga ƙafa ta goge.

Ni na zana filas ɗin. Shi ne aikina na farko tun da kamfanin ya ɗauke ni bayan na gama jami'a. A zanena, wani siririn ƙarfe ya ratsa cikin mariƙin, noti biyu suka riƙe shi. Kafin zanen ya isa wurin masu injin zubi an cire ƙarfen, an bar noti ɗaya, an kuma canza robar zuwa tsofaffin robobi da aka niƙa aka narka. Har tambarin koren ganye aka buga a kwali, wai muna kare muhalli. Ban ƙi tsohuwar roba ba, akwai inda take aiki lafiya. Amma a wuyan filas, inda zafi ke taruwa, laushi take yi a hankali har notin ya sami hanyar fita.

Ranar Asabar manyan motoci uku za su kwashi kayan zuwa kasuwa. Muna ranar Talata.

* * *

Ma'aikata suna kiran manajanmu Za-a-duba, a bayan idonsa. Tun daga ƙasan bene nake maimaita abin da zan faɗa, amma da ya nuna min kujera sai rabin maganar ya gudu. Na jera masa guntayen mariƙi huɗu a kan tebur.

Ya ɗauki ɗaya, ya juya shi, ya ajiye. Ya tuna min cewa filas ɗin ya ci gwajin hukuma, ga takarda da hatimi a bango. Na san gwajin. Yashi ake cika filas da shi, a rataye shi minti ɗaya, in bai faɗo ba shi ke nan. Na ce masa yashi ba ya tafasa, kuma ba wanda ke sayen filas don ya zuba yashi.

"Dokar ta ce yashi," in ji shi. "Kin ga inda ta ce ruwan zafi? Wa ma ya sa ki wannan gwajin?"

Ba wanda ya sa ni. Yadda Umma take yi na yi: a cika da safe, a ɗauka, a ajiye, a sake ɗauka. Ya ce gyaran injin zubi sati shida zai ci, 'yan kasuwa kuma ba za su jira ba. In rubuto a takarda, za a duba. Takarda ta uku ke nan.

* * *

An raba wa kowane ma'aikaci filas biyar kyauta, kuma Umma ta riga ta rabar da nawa: ɗaya ga Yaya mai goyo, ɗaya ga Gwaggo, biyu ga maƙwabta, ɗaya a kicin ɗinmu. Da la'asar na bi gida-gida na karɓo su. Gwaggo sai da ta tambaye ni ko kamfanin ne ya karye.

Umma ta tare ni a tsakar gida, ta ce na zubar mata da mutunci, ina aka taɓa ba da kyauta a dawo a ƙwace. Baba kuwa shekara talatin ya yi yana gyaran keken ɗinki, kuma tun da aka fara maganar filas ɗin nan babu wanda bai gaya wa ba a layinmu cewa Injiniyarsa ce ta zana. Ya sa tabarau, ya kwance mariƙin da sukundireba, ya daɗe yana kallon ramin.

"Noti ɗaya, Injiniya?"

"Biyu na zana, Baba."

Ya ce in kai ƙara hukuma. Umma ta ce ni da ko gaisuwa sai an tunkuɗa ni, yau ni ce zan ja da kamfani? In suka sallame ni, filas ɗin zai fasa fita ne? Haushin maganar ya kama ni.

Duk da haka washegari na buga wa hukumar waya daga bayan ɗakin ajiya. Wata mata ta saurare ni da ladabi, ta ce in cike fom, in haɗo da zanen kayan da sakamakon gwaji. Zanen kuwa, tun ranar da na kama aiki na sa hannu a wata takarda cewa ba zan fitar da shi ba, in na fitar sai kotu. Na tambaye ta in ba zanen fa. Ta ce to sai in wani ya ji rauni ya kawo ƙara da kansa.

* * *

Ranar Alhamis aka kira taro a kan takardata. Na shiga da ɗan sa rai, har na zo da sabon zane: ƙaramar wayar ƙarfe da za a iya maƙala wa waɗanda aka riga aka yi, aikin kwana goma. Ba a buɗe shi ba. Lauyan kamfani aka gayyato, mutum mai fara'a da ƙamshin turare. Ya yaba min sosai, ya ce irina kamfani ke buƙata, don na hango matsala tun kafin ta zama shari'a. Sannan ya karanto maganinta daga wayarsa: Kada a ɗauki wannan kaya ta mariƙi idan akwai ruwan zafi a ciki.

Na ji bakina ya buɗe da kansa. "To mariƙin na mene ne, ranka ya daɗe?"

Aka yi dariya, kamar wasa na yi. Tunda ni ce mai zane, ni aka ɗora wa tsara sitikar. Na ce a liƙa ta a kan mariƙin, da hoto, saboda waɗanda ba su iya karatu ba. Shugabar sashen talla ta ce wa zai sayi filas ɗin da mariƙinsa ke cewa kar a taɓa ni? A gindi za a liƙa. Na yi rubutun da manyan haruffa, aka dawo min da shi sau uku a kan in rage. Na ƙarshen, sai da na kusanto da fuskata kafin na iya karanta abin da na rubuta da hannuna.

Motocin sun tashi ranar Asabar da hantsi, kamar yadda aka tsara.

* * *

Bayan wata biyu, wata safiya ina jiran motar haya, na ga filas ɗinmu a hannun wata tsohuwa. Ruwan toka, da ɗan lanƙwasar nan ta kafaɗa da na ɓata sati guda ina gyarawa. Yadda ya rinjayi hannunta na san cike yake. Silifas ne a ƙafarta, zaninta bai kai idon sawu ba.

Na bar motata ta wuce. Na matsa kusa, na gaishe ta, ta ce asibiti za ta, 'yarta ce ta haihu jiya. Na yi mata barka. Sannan na ce, "Iya, da kin rungume shi a jikinki. Mariƙin irin wannan ba shi da ƙarfi."

Ta dube ni, ta dubi filas ɗin, ta yi murmushi irin wanda ake yi wa yaro.

"Haba 'yata. Waɗanda suka yi masa mariƙi ai sun fi ni da ke sani."

Ta gyara mayafinta, ta tsallaka titi. Na bi bayanta da 'yar tazara, ba ta sani ba, idona a kan wuyan filas ɗin yana lilo dab da ƙaurinta. A ƙofar asibiti mai gadi ya tambaye ni wa na zo dubawa. Ban san sunan kowa a ciki ba, sai na tsaya a bakin ƙyauren har ta sha kwana.