Ranar da Aka Sayar da Tausi

Fundi Madi ya durƙusa a cikin laka, ya kafa tsinin wuƙarsa a ƙashin bayan jirgin, ya danna. Wuƙar ta shige har ƙota kamar an soka ta a nunanniyar gwanda. Ya zare, ya ja gwiwa gaba kaɗan, ya sake sokawa. Nan ma haka.

Famau yana tsaye a kansa, ya tattare zanensa zuwa gwiwa. Ruwa ya janye tun da hantsi, ya bar jirgin kwance a kan gefensa a bakin gaɓar Lamu.

"Gwada can wajen goshi, Baba. Can da sauran ƙarfi."

"Na gwada tun kafin ka iso," in ji tsohon. "Tsutsar ruwa ta gama aikinta. Fenti ne ke riƙe da jirgin nan, sai kuma addu'ar mahaifiyarka, Allah ya ji ƙanta."

Shi Fundi Madi ne ya sassaƙa jirgin da hannunsa shekara ashirin da uku da suka wuce, lokacin da samari uku suka haɗa abin da suke da shi suka kawo masa: Famau mai jakunan dakon yashi, da Lali tela, da Shebwana da ke tuƙa wa wani jirgin inji. Suka raɗa masa suna Tausi. Ba jirgin kamun kifi ba ne, ba na kaya ba. Siriri ne, don tsere kawai aka yi shi, kuma sau huɗu yana zuwa na ɗaya a tseren Maulidi, Famau na riƙe da sandar tuƙi.

"In na kawo kuɗi fa?" Famau ya tambaya.

"Nawa?"

"Ko nawa ka ce."

Fundi Madi ya dafa jikin jirgin ya miƙe da ƙyar. "Itace guda ake so, miƙaƙƙe, ƙafa talatin da biyu, babu haɗi. Dajin da muke saro irinsa an rufe shi, kai ma ka sani. Masu katako kuma guntayen ƙofa suke kawowa. Kuma a ce ka samo." Ya miƙo hannayensa biyu. Suna rawa kamar mai zazzaɓi. "Da waɗannan zan sassaƙa? 'Ya'yana biyu, ɗaya yana acaɓa a ƙetare, ɗaya yana gadi a Mombasa. Ko riƙon gizago ba su iya ba. Ka kawo miliyan goma, Famau, sai dai mu zauna ni da kai mu yi ta kallon su."

Famau ya tsaya yana kallon ramukan da wuƙar ta bari, ruwan gishiri na tsattsafowa daga cikinsu. Ya kama hannun tsohon ya fitar da shi daga lakar.

Lali da Shebwana suna jiran sa a bencin Bwanaheri mai gahawa. Shekara da shekaru suna da wani wasa a bencin nan. Da an zuba gahawa sai wani ya ce, to, an danƙa maka miliyan goma yanzun nan, me za ka yi? Shebwana kullum farin jirgin Turawa zai saya, mai firiji da banɗaki, ya je Zanzibar yana kwance yana sosa ciki. Lali zai ɗinka ƙyallen iska mai girman da mutanen ƙauyen Shela, abokan karawarsu a tsere, za su ga inuwarsa kafin su ga jirgin, su koma gida tun ba a fara tsere ba. Famau kuwa amsarsa ɗaya ce: zai gyara Tausi. In aka ce sauran kuɗin fa, sai ya ce zai sake gyara shi. A yi ta dariya, ana ce masa ko a mafarki shi talaka ne.

Yau kuwa maganar kuɗin ta tashi daga wasa. Wani mutumin Nairobi, Mista Muriuki, yana gina otal a tsibirin Manda, ya ga Tausi ya taya shi shilin miliyan biyu da dubu ɗari huɗu. Katakon yake so. Gobe zai koma, yau yake jiran amsa.

"Manyan attajirai!" in ji Bwanaheri yana zuba wa Famau. "Yau dai a faɗa mana da gaske. Shebwana, ina maganar firiji?"

"Firijin gidanku," in ji Shebwana. "Jirgin roba zan saya da inji, in daina yi wa wani bauta. Shekara hamsin da biyu, har yau yaron da bai wuce ɗan cikina ba ke ce mini je ka, dawo."

"Kai fa, tela?"

Lali yana juya ɗan kofinsa a tafin hannu. Wata bakwai ke nan matarsa Mwanahawa tana Mombasa a ɗakin haya, ana yi mata wankin ƙoda sau biyu a mako. Keken ɗinkinsa ɗaya ya riga ya tafi.

"Nawa suna da mai su tun kafin su iso," ya ce.

Bwanaheri ya ja butarsa ya koma gefe.

"Me Fundi ya ce?" Shebwana ya tambaya.

"Ya ce da sauran ƙarfi a wajen goshi."

"Famau."

"To, ya ce ya lalace. Shi ke nan? Kun ji daɗi?" Ya ajiye kofin da ƙarfi har gahawar ta fantsama. "Saura mako shida Maulidi. Ku ba ni tsere ɗaya. Ɗaya tak. Mu cusa masa auduga da man kifi, mu ɗaure shi ta ciki, ya yi wannan, sannan ku yi yadda kuke so."

"Da mutum goma sha biyu a ciki?" in ji Shebwana. "In ya buɗe da mu a tsakiyar ruwa, ba jirgi, ba kuɗi, sai zaman makoki. Kuma mutumin nan ba zai jira Maulidinka ba. Akwai tsofaffin jirage a Matondoni, can zai nufa."

"Kai dama tun da ka fara shaƙar hayaƙin inji kanka ya juye."

"Gara ni. Kai da jakuna kake hira."

Da wata rana ce da an yi dariya. Lali ya ɗago kai ya dubi Famau.

"Mu uku muka saya, mu uku za mu sayar," ya ce a hankali. "In ka ce a'a, an bar maganar. Wallahi ba zan riƙe ka a zuciya ba. Zan san yadda na yi."

Da ma zagi ya yi, da Famau ya samu abin ramawa. Ya dubi wuyan rigar Lali, ya ga yadda ta yi masa yawa yanzu. Ya kawar da kai.

A haka Mista Muriuki ya iso, da hular rana da waya a hannu. Mutum ne mai fara'a, ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya gaisa, har ya karɓi gahawa ya sha yana yamutsa fuska.

"Kyaftin, yaya muke ciki?"

"Yallaɓai, ina da roƙo," in ji Famau. "Ka saye shi, amma ka bar shi yadda yake. Ka ɗora shi a kan yashi a gaban otal ɗin. Baƙi su hau, su ɗauki hoto. Ni zan riƙa zuwa ina shafa masa mai, ba sai ka biya ni ba."

Mista Muriuki ya shafa haɓa kamar mai tunani da gaske. "Na so haka, Kyaftin. Amma filin gaban nan wurin wanka ne, an riga an haƙa. Kuma mai zane ya gama zanensa: dogon teburin cin abinci, gadaje shida, da babbar ƙofa. Baƙi suna son katakon da ya sha gishiri."

"Tsutsa ta cinye ƙasansa," in ji Famau. Shebwana ya taka masa ƙafa, bai kula ba. "Duk ramuka ne. Gara ka sani."

"Na gani ai. Ramukan nan su ne kyan. Saboda su na ƙara farashi."

Famau ya dube shi, ya dubi abokansa. Babu inda ya rage ya dafa.

"An sayar," ya ce. "Amma ba za a ja shi da igiya a bayan inji ba. Da iska zai je."

Bayan azahar ruwa ya dawo, Tausi ya miƙe daga lakar. Su uku suka shiga. Shebwana ya ja igiya, ƙyallen ya hau, iskar kudu ta cika shi. Lali ya zauna a tsakiya da yankakkiyar jarka yana kwarfar ruwa. Mutanen bakin gaɓa suka bar abin da suke yi suna kallo. Labari ya riga ya zaga, don haka babu wanda ya yi ihun da aka saba.

Da suka fita daga inuwar gidaje iska ta ƙara ƙarfi. Jirgin ya karkata, ya ɗaga goshi, ya fara yanka ruwa da wannan sautin da Famau zai iya ganewa ko idonsa a rufe. Sandar tuƙi ta yi rai a hannunsa. Wani jirgin mutanen Shela yana gabansu ɗauke da baƙi, Famau ya matsa sandar kaɗan ba tare da ya yi shawara da kowa ba. Suka kamo shi, suka jera, suka wuce.

"Ku ci ƙurarmu, 'yan Shela!" Shebwana ya kwarara ihu, ya haye gefen jirgi yana rawa da ƙugu kamar ba shi ne mai maganar jirgin roba ba. "Ku gaya wa iyayenku Tausi ya wuce!"

Lali ma ya yi dariya, irin wadda aka daɗe ba a ji daga bakinsa ba.

Ga Manda nan a hannun hagu, ga farin yashin otal ɗin da tulin bulo. A gaba kuwa mashigar babban teku ce, shuɗi har iyakar gani. Lokacin juyawa ya yi, Famau bai juya ba. Shebwana ya dube shi. Suka ci gaba. Igiyar ruwa ta fara girma, jirgin yana hawa yana sauka, wani abu a ƙasa yana ƙara kamar tsohuwar ƙofa.

"Famau," in ji Lali.

Idon Famau na kan mashigar.

"Famau, ruwa."

Ya sunkuyar da kai ya duba. Ruwan ya rufe idon sawun Lali, jarkar ba ta cim masa. Tsakanin katako biyu wani siririn layi ya buɗe, yana tofo ruwa duk lokacin da jirgin ya sauka. Famau ya ture sandar. Ƙyallen ya kaɗa, ya koma ɗaya gefen, Tausi ya juya goshinsa ya nufi Manda.

Ma'aikatan otal suka taru aka shimfiɗa gumagumai, aka ja shi har kan busasshen yashi. Mista Muriuki ya danna wayarsa ya tura kuɗin. Wayar Shebwana ta yi ƙara, ta Lali ta yi, sannan Famau ya ji tasa ta motsa a aljihu. Lali ya koma bayan tulin bulo yana kiran Mombasa, ana jin sa yana cewa, "Ki gaya wa likita a ci gaba. E, a ci gaba."

Jirgin injin da zai mayar da su Lamu yana jira. Shebwana ya riga ya shiga.

"Taho mana, Famau. Kada ka tsaya kallo."

Famau ya juya zai tafi ke nan ya ji an tayar da zarton inji. Babban kafintan otal ɗin, wani ƙaƙƙarfan mutumin cikin ƙasa da bai taɓa taɓa jirgi ba, ya saita zarton a tsakiyar haƙarƙarin Tausi.

"Kai! Tsaya!"

Kafintan ya kashe zarton. "Baba, an biya fa."

"Na san an biya. Amma in ka yanka nan, katakon a lanƙwashe yake, zai tsage har ƙarshe. Ko kujera ba za ka fitar ba." Famau ya matso, ya shafa gefen jirgin da tafin hannu. "Daga sama ake farawa. Ƙusoshin a tanƙware suke ta ciki, sai ka miƙar da su tukuna, ka buga su baya. Ɗaya bayan ɗaya."

Kafintan ya leƙa ciki ya sosa kai. "Ina suke? Ni ban ga komai ba."

Famau ya daɗe yana duban sa. Sannan ya tattare zanensa, ya haura cikin jirgin.

"Ku tafi," ya ce da Shebwana ba tare da ya waiwaya ba. "Zan biyo na yamma."

Ya karɓi ƙarfen ɓamɓara. Yatsunsa suka nemo ƙusar farko a ƙarƙashin fenti, ta biyu, ta uku. Ƙarar injin su Lali ta yi nisa har ta ɓace. Bayan la'asar katakon farko ya fita ɗungurungum, ƙafa talatin babu tsaga ko ɗaya, mutum huɗu suka ɗauka suka kwantar a inuwa.

"Kai, Baba, ka iya aikin nan," in ji kafintan.

Famau ya goge fuskarsa da bayan hannu.

"Miƙo guduma," ya ce. "Na biyun ya fi gardama."