Ɗan Farin da ke Kano

Shekara goma sha huɗu Malam Ubale, makiyayi a wata ruga kusa da Sule Tankarkar, yana zaune da matarsa Tayyiba, Allah bai nufe su da haihuwa ba. Da aka ba shi labarin dashen ƙwan haihuwa da ake yi a asibiti, bai kama hanyar Kano ba sai da ya je Gumel ya durƙusa gaban malaminsa. Malam ya ce matuƙar iri nasa ne, ƙwai na matarsa, igiyar aure kuma tana nan, to magani ne, kuma Wanda ya saukar da cuta Shi ya saukar da maganinta.

A asibiti ƙwai biyu suka kama. Likita ta dasa ɗaya, ta adana ɗaya a cikin sanyi. Da lokaci ya cika, Mai kowa mai komai ya ba su 'ya mace, aka raɗa mata Rahama.

Sai dai a danginsu ana jin kunyar ɗan fari. Uba ba ya ɗaukarsa, ba ya kiran sunansa, in an yaye shi kuma babba a gida ke riƙonsa. Babba kuwa ita ce Goggo Yelwa, yayar mahaifin Ubale, wadda a da ta ce ita ba za a haɗa mata jika a kwalba kamar man shanu ba. Yanzu ga ta ba ta sauke jaririyar daga cinya.

Tun da Tayyiba ta dawo daga wankan jego, Ubale sai ya riƙa zagaya bukka yana neman igiyar da ke rataye a kafaɗarsa. Rannan da hantsi ya kasa daurewa, ya miƙa hannu zai ɗauki jaririyar.

“Kai, ɗan nan!” in ji Goggo. “Furfura a gemu, ba kunya a ido? 'Yar fari ce fa.”

Ya tsuguna ya ce, “Allah ya ja da ranki, Goggo, ai ba ita ce ta fari ba.”

“To wa ka haifa a ɓoye?”

“Likita ta ce na cikin sanyin nan shi ya riga kamawa. Lamba ɗaya ma ta rubuta masa. Shi ne babba. Kuma ki shaida, ban taɓa ɗaukarsa ba, ban taɓa kiran sunansa ba.”

Wannan kuwa gaskiya ce, Ubale bai yi ƙarya ba. Goggo ta ja carbinta, ta dube shi.

“Wato yayanta yana Kano?”

“Yana can.”

“Shi kaɗai, cikin ƙanƙara, a hannun bare? Kana nan kana shan fura? Amma kai dai an yi marar imani!”

Ta ɗora masa Rahama a hannu. Ya karɓe ta, ya yi bisimilla, ya kira sunanta a fili har sau uku.

Goggo ta juya wajen Tayyiba, wadda ke dariya a bayan mayafi.

“Ke kuma amarya, daina washe baki. Ranar da kika yaye wannan, ku koma ku ɗauko mini nawa.”