Jan da Ya Koɗe a Hanyar Gombi

A 2014 Kezia ce ke haɗa wa direbobin Jimeta taswira a kwamfuta. Duk hanyar da aka kai hari takan shafa mata ja shara-shara, don sunan gari ya fito. Wata rana da hantsi ta ga hanyar Gombi ta koɗe, alhali rahoton hari biyu aka kawo a kanta. Ta buɗe lissafin launin. Maimakon ja ya ƙara kauri, in rahoto ya zama biyu manhajar rabin rabin launin take ɗauka, sai wurin da ya fi haɗari ya fi haske.

Ta kira yayanta Eli, direba.

"Hamma, kana ina?"

"Na wuce Song da fasinjoji, na nufi Gombi," ya ce. "Taswirarki na bi."