Gurbin Nan na Ɗana Ne

Dogo ya kama tarin a tsakanin "masu sauraro" da "barkanmu da warhaka", ya ja linzamin kwamfuta ya datse shi, ya haɗe bakin maganar yadda ko mai ita ba zai gane an taɓa ta ba. Aikinsa ke nan a gidan rediyon: share wa Baba Murya tari da haki da "e to" ɗin da tsufa ya fara cusa masa cikin zance. Mutanen gari suna cewa muryar shugaban sashen shirye-shiryen ba ta tsufa. Dogo kaɗai ya san kwandon da ake zuba tsufanta.

Ba ma'aikaci ba ne, ɗan sa-kai ne, irin waɗanda ake sallama da kuɗin mota in an tuna da su. Ya shigo gidan rediyon tun 'yarsa tana goye, ga ta yanzu tana saɓa jakar makaranta. Kuma shi ya zaɓi ubangidansa da kansa. Ya yi ta tsayuwa a bakin ƙofa har ranar da ya tare dattijon, ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, so nake in koyi aiki a hannunka." Baba Murya ya dube shi sama da ƙasa, ya miƙa masa jaka ya ce, "Biyo ni, ɗana."

Ya bi shi kuwa, bi na haƙiƙa. Ya riƙe jaka, ya wanke mota, ya bi layin karɓo maganin hawan jini. Amma a faɗi gaskiya, Baba ma bai yi masa rowar sani ba. Shi ya koya masa cewa kunne ake fara horarwa kafin hannu, har Dogo ya kai yana jin ƙarar fankar ɗakin da ke maƙwabtaka a cikin hirar da kowa ya rantse tsaf take.

Kunnen nan ne ya jiyo masa albishir makon jiya. An gama ɗaukar shiri, an manta makirufo a buɗe, hedifon yana kansa. Ta bayan gilashin situdiyo ya ga Baba ya ɗaga waya, ya kuma ji shi raɗau yana cewa, "Mai haɗa sautin da za a ɗauka? Kada ku wahalar da kanku. Gurbin nan na ɗana ne, na gama magana."

Dogo ya yanko wannan guntun ya tura a wayarsa. Ya kunna wa matarsa, ta sa hannu ta rufe baki, ta ce a sake. Da yayanta ya kira daga baya yana tambaya ko Dogo zai karɓi aikin kula da shagonsa na kayan sauti, don akwai wani da ke jira, Dogo ya yi godiya ya ce a ba wancan.

"Ka tabbata?" in ji yayan. "Kada fa ka saki reshe ka kama ganye."

"Da kunnena na ji, Yaya."

Yau ce ranar da za a sanar. Ya sa rigarsa ta zuwa biki, matarsa ta goge ta har hannun yana ƙyalli. Maigadi ya ga shigowarsa da safe ya yi shewa.

"A'a! Yau wa za a ɗaura wa aure?"

"Baba ne zai yi wa ɗansa gata."

"Wanne daga ciki? Ni ma da furfurata ɗansa ne. Jiya har mai kawo gas ɗin janareta ya ce wa 'ɗana'."

Dogo ya yi dariya ya wuce. Mai tsaron ƙofa me ya sani game da abin da ake faɗa a situdiyo?

Wajen sha ɗaya aka ce Baba yana kiransa. Ya ajiye hedifon, ya goge tafin hannunsa a wando, ya ƙwanƙwasa. A ofishin akwai wani saurayi zaune a kujerar baƙi, kujerar da Dogo bai taɓa zama a kai ba. Yana da faɗin goshin Baba da irin zaman Baba, ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana latsa waya.

"Yawwa, shigo ɗana," in ji Baba, fuskarsa a sake. "Ga autana, ya gama karatu. Shi aka ba gurbin nan na haɗa sauti. Takarda ce da shi, amma hannunsa ɗanye ne shar. Na ce musu duk gidan nan babu wanda zan damƙa wa shi sai kai."

Dogo ya dubi saurayin, ya dubi Baba. Ya dafa bayan kujera. Abin da ya fi ci masa rai shi ne babu ko ɗigon mugunta a idon dattijon. Yabo yake yi masa, tsakani da Allah.

"Ranka ya daɗe... ni fa?"

"Kai me?"

"Na ɗauka... da aka ce za a ɗauki mutum..."

Baba ya cire tabarau. Sai yanzu ya lura da rigar.

"Ash-sha," ya ce a hankali. "Ɗana, ai kai na gida ne. Naka yana nan tafe, wani gurbin zai fito. Mai haƙuri shi ke dafa dutse."

Bai ƙarasa karin maganar ba, kuma gara da bai ƙarasa ba, don mai shan romon yana zaune a wurin yana latsa waya. Kowa a gidan ya san Baba zai ajiye aiki ƙarshen shekara, kuma wanda zai gaje shi yana da nasa 'ya'yan, na ciki da na baki.

Dogo ya fita ya tsaya a bayan ɗakin janareta, inda ƙara ba za ta bari a ji maganarsa ba. Ya kira yayan matarsa.

"Yaya, maganar shagon nan..."

"Ai yaron ya fara tun shekaranjiya. Lafiya dai?"

"Lafiya lau. Gaisuwa ce."

Saƙon matarsa ya shigo yana tsaye: an sanar? Ya duba, ya mayar da wayar aljihu. Ga baƙin ciki, ga kunya a kansa, don har maƙwabta matarsa ta kunna wa guntun muryar nan. Ya yi tunanin ya fice ta ƙofar baya kada ya sake waiwayar gidan. To ya tafi ina? Abin da ya iya duk a nan ya koya, kuma a nan kawai ake sanin ya iya.

Da ya koma, auta yana zaune a kujerarsa, ya sa hedifon ɗin a juye, na dama a hagu. Yaron ya miƙe da sauri, da ladabinsa, abin da ya ƙara wa Dogo haushi, don ya so a ce yaron marar kunya ne.

"Baba ya ce kai ne ubangidana yanzu. Daga ina za mu fara?"

Dogo ya gyara masa hedifon, ya jawo kujerar roba ya zauna a gefe. Ya nemi abin gwaji, hannunsa ya kai kan guntun nan da ke ajiye a kwamfutar. Ya kunna a lasifika. Muryar Baba ta cika ɗakin: gurbin nan na ɗana ne.

Ya mayar baya ya sake saurare. Sai a lokacin ya ji. Kullum in Baba ya kira shi, kalmar a tsaye take fita, gajeriya, kamar mutum na kiran mai shayi. A nan kuwa muryar ta sauka, ta yi laushi, har da ɗan numfashi a gabanta, irin wanda mutum ke ja in zai ambaci abin da yake tsoron rasawa. Bai taɓa jin an kira shi da wannan muryar ba. Shi da ke jin fankar ɗakin maƙwabta, wannan ta wuce shi.

"Akwai abin da za a yanke a ciki?" in ji auta.

Dogo ya daɗe yana kallon zanen sautin a fuskar kwamfutar.

"Babu," ya ce. "Wannan tsaf take. Matso in nuna maka yadda ake cire tari."