Rijiyoyi Bakwai a Bayan Marina

Wuryani ta dangwarar da kwalbar a kan tebur, ruwan cikinta, ja kamar an yanka rago, ya fantsala a kan takardu.

"Ga abin da maƙwabtana ke jawowa daga rijiya, Pak Sitorus. Bismillah, kurɓa mana!"

Jami'in inshorar ya janye takardunsa gefe. Mutumin garin Medan ne, ba ɗan Jawa ba, irin masu magana kamar ana faskare; ladabinsa bai wuce ya ce wa mace Bu, namiji Pak ba.

"Bu, karanta shafi na huɗu. Gurɓatar da ta faru kwatsam muke biya. Wadda ta daɗe tana tsiyaya, babu ruwanmu."

Shekara tara marinarsu ta batik, yadin da ake yi wa zane da kaki kafin a rina, a garin Pekalongan tana biyan inshorar nan. Makon jiya tankin da suke tara dagwalon rini ya fashe, rijiyoyi bakwai suka rine. Hukumar muhalli ta ba su kwana talatin: su kwashe ƙasar, su yashe rijiyoyin, ko a garƙame marinar da mata ashirin ke ci a cikinta.

"Ai kwatsam ɗin ne! Ranar Talata, a gaban idona!"

"Mahaifinki bai ce haka ba."

Ya danna wayarsa. Ta ji muryarsa yana tambaya, "Pak Warsito, tankin nan ya yi shekaru yana yoyo, ko?" Sai muryar tsohon, a tausashe, da "e" ɗin ladabi ta mutanen Jawa: "Inggih."

Wata dariya mai ɗaci ta kufce mata.

"Inggih? A kan wannan za ku hana mu haƙƙinmu? Shekararka nawa a Jawa, bawan Allah? Tsohon nan ko akuya ka kira shi, inggih zai ce maka. 'Ina jin ka' yake nufi. Mu ba ma ce wa baƙo a'a."

"Mu a garinmu e, e ce."

"Ku a garinku ai gaisuwa ma faɗa ce!"

Bakinsa ya ɗan motsa kamar zai yi murmushi. "To kawo min sa hannunsa kafin Juma'a, cewa ba haka yake nufi ba. Zan sake dubawa."

A motar komawa daga ofishin inshorar da ke Semarang ta rubuta takardar a kan gwiwarta, biro yana huda shafin saboda takaici. Zuciyarta sai tafasa take: mutum ya yi ladabi, a mayar masa da ladabin wuƙa!

Da la'asar ta iske mahaifinta a rumfa yana ɗiga narkakken kaki a kan farin yadi, hannunsa ko rawa ba ya yi.

"Baba, ladabinka ya kusa cinye mu. Kalma ɗaya! Ba za ka iya cewa a'a ba ko sau ɗaya a rayuwarka? Sa hannu a nan."

Ya ce ta karanta masa. Ta karanta. Ya hura bakin cokalin kakin.

"Wur, na san irin inggih ɗin da na yi."

Ta tsaya cak.

"Shekara huɗu ke nan ina liƙe tsagar tankin da siminti. Lokacin kina jinyar mijinki, ban so in ƙara miki ba. Daga baya kuma kunya ta hana ni."

"Shekara huɗu! Ka yi shiru da bakinka, mutane suna sha?" Muryarta ta tsage. "Kuma ka rasa wanda za ka faɗa wa sai baƙo?"

"Shi ne ya fara tambaya ta."

Ya ajiye cokalin, ya miƙo hannu. "Amma in kin ce in sa, kawo."

Ta dubi hannun nan da ya raine ta, ta dubi matan da ke shanya yadudduka suna satar kallonsu. Can bayan katanga, surukar maƙwabciyarsu Bu Tumini tana wucewa da tsohon ciki, riƙe da jarkar ruwan da ta sayo. Makon nan kawai suka fara saye.

Wuryani ta ninke takardar gida huɗu ta cusa a aljihu. Ta zagaya katangar ta buga ƙofar maƙwabciyarta.

"Bu Tumini, ku ɗauko mayafanku ke da yarinyar nan. Asibiti za mu. A hanya zan faɗa miki dalili."